Ba Muryarsa Kake Ji Ba: Abubuwan Mamaki Kan Yadda Waya Ke Matse Magana

Idan ɗan'uwanka ya kira ka daga Gummi kana Gusau, har ka ce masa yau muryarsa kamar ta mai mura, kada ka yi saurin aika masa da magani. Muryar tasa ba ta ma baro Gummi ba. Kwatancenta ne kawai ya taso. Wayarsa ta daddatsa maganar gutsi-gutsi, gutsure 50 a kowane sakan, ta auna ƙarfin kowanne da kaurinsa da irin buɗewar da baki ya yi, ta aiko da lambobi. Taka wayar ce ta karɓi lambobin ta ƙera wata murya mai kama da tasa, kai kuma ka amsa gaisuwa. Manhajar da ke wannan aiki nan da can ita ake kira kodek. Duk gasar masu ƙera ta a kan abu ɗaya take: wa zai fi zubar da sauti mai yawa ba tare da kunne ya farga ba.

Tafsirin wata guda a nauyin hoto uku

Da bit ake awo a nan, wato ɗigon lissafin kwamfuta, sifili ko ɗaya. Bit dubu shi ne kilobit. Faifan CD yana cin kilobit 1,411 a kowane sakan. A ce wani malami a Anka ya yi tafsirin azumi, awa ɗaya kullum har kwana 30, aka ɗauka da irin wannan inganci: sai an tanadi kusan gigabait 19. A mayar da shi MP3 mai kilobit 128, ya koma gigabait 1.7. A matse shi da Opus a kilobit 16, ya zama megabait 216, kuma ba ayar da za ta ɓace wa mai sauraro. A ba wata manhaja mai suna Codec 2 ta yi aikinta a bit 700 kacal, tafsirin wata guda cur bai kai megabait 10 ba, kusan nauyin hotuna uku na babbar waya. Za a ji abin da malam ya ce, sai dai almajiransa ma ba lallai su shaida muryarsa ba.

Lamba mafi ƙanƙanta a wannan lissafi sifili ce, kuma Zamfarawa sun ɗanɗana ta. Ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe duk ƙarafan sabis na jihar, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Da farko an ce mako biyu ne. Gusau ta sami sabis ranar 1 ga Oktoba, sauran jihar kuwa, har da Anka da Bukkuyum da Gummi, sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage dokar. A tsakanin nan wasiƙar hannu ta dawo, ana ba direbobi a tasha, wasu kuma suka riƙa biyan kuɗin mota har Funtuwa don su yi kira guda su juyo. Wanda ya ga wannan zamani ba ya raina sanda ɗaya ta sabis.

"Mi kac ce?"

Sanda ɗayar nan ma da dabara take aiki. Kiran waya na yau da kullum, irin na ƙaramar waya mai tocila, yawanci kodek mai suna AMR ne ke ɗauke da shi, wanda aka amince da shi a 1999, shekara biyu kafin GSM ta shigo Najeriya a Agustan 2001. Matakai takwas gare shi, daga kilobit 12.2 zuwa 4.75. Da motarka ta yi nisa da ƙarfen sabis, sai ya sauko ƙasa, ya rage wa murya kasonta, ya ba da rarar ga lambobin da ke gyara abin da ya lalace a iska. Shi ya sa kafin kira ya yanke ake fara jin muryar mutum ta zama ta ƙarfe, na can yana ta "mi kac ce?" na nan yana ta "kana ji na?"

Akwai kuma lokacin da sabis cike yake amma muryar ba daɗi. Idan jama'a suka yi wa ƙarfe ɗaya yawa, kamar ranar kasuwar Nasarawar Burkullu ko safiyar Sallah, na'urar na iya raba hanyar mutum ɗaya gida biyu, kowa ya samu rabi. Kowa ya yi magana, ba wanda ya ji daɗinta.

Sautin da ba a aiko ba

Sauti karkarwar iska ne, kuma kunnen matashi yana kama karkarwa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Tsohuwar ƙa'idar tarho ta yanke ta bar daga 300 zuwa 3,400 kawai. To asalin kaurin muryar babban namiji a wajen 85 zuwa 180 yake. Ke nan tushen muryarsa ba ya ratsa layin, ƙaramar lasifikar waya ma ba ta iya fitar da shi. Amma kana jin sa sarai. Ƙwaƙwalwa ce ke lissafa shi daga sauran sautukan da ke bisa shi, ta cike gurbin ba tare da ta yi shawara da kai ba. Ga harshe irin Hausa, wanda karin sauti ke juya ma'anar magana, wannan ba ƙaramar rahama ba ce.

Abin da aka yanke daga sama kuwa ba mai cike shi. A can ne kaifin "s" da "sh" da "ts" yake. Shi ya sa mai karanto lambar asusu ta waya yake maimaitawa sau uku, kuma gara ya maimaita.

Shirun ma na jabu ne. A hirar mutum biyu, kowa kusan rabin lokacin saurare yake yi, don haka da ka yi shiru wayarka takan daina aikawa, ta huta wa batir. Sai aka lura cewa shiru tsit yana sa na ɗaya ɓangaren ya ɗauka an katse. Maganin da injiniyoyi suka samo: wayarsa ta riƙa ƙirƙiro 'yar ƙara "shhh" da kanta don hankalinsa ya kwanta. Wannan iskar da kake ji kamar ta bayan gidan su abokinka, a cikin aljihunka aka haɗa ta.

Waƙar da kamfani ke sa wa mai kiranka kafin ka ɗauka ba ta taɓa daɗi ba, ko ta wace ce. Kodek ɗin kira maƙogwaro ɗaya da baki ɗaya aka koya masa. Idan ya ji goge da ƙwarya da 'yan amshi lokaci guda, sai ya yi ƙoƙarin kwatanta su duka a matsayin mutum ɗaya mai magana, abin ya fito a dagule.

Mai kalangu ya riga su

Dabarar mai kalangu ita ce ta fi burge ni. Mai kalangu idan ya matse igiyoyin a hammata ya sassauta, yana bin hawa da saukar maganar Hausa ne da tsawon gaɓoɓinta. Ba baƙi, ba wasali, duk ya zubar. Duk da haka mahauci na jin takensa daga nesa ya san da shi ake, manomi a gayya ya ji nasa ya ƙara himma. Haka masu kotso da taushi suke yi wa sarakuna a fada. A 1971 wani Ba'amurke, David Ames, da abokan aikinsa biyu suka buga nazari a mujallar Africa kan taken samari, yadda ake kiran matasan Hausawa da kiɗa kowa ya gane nasa.

Sirrin shi ne mai ji ya riga ya san taken. Makaɗi ba ya aiko da magana, tuni yake yi. A 1985 Manfred Schroeder da Bishnu Atal na ɗakin binciken Bell a Amurka suka fito da dabarar CELP, wadda a kan wannan tunani ta tsaya: mai aikawa da mai karɓa kowa na riƙe da kundi iri ɗaya na guntayen sautuka, sai a aiko da lambar shafi kawai. A gwajin farko, kwamfutar Cray-1, wadda ke cikin mafi ƙarfi a duniya a lokacin, sai da ta shafe fiye da minti biyu tana matse maganar sakan ɗaya. Yau jikar wannan dabara ce ke cikin wayar da ake saya a kan tebur a bakin tasha, tana aikin nan take, batir ɗinta na kwana uku.

Kafin su ma an yi wata na'ura mai matse magana. A 1943, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kafa na'urar SIGSALY don manyan Amurka da Ingila su yi magana Jamus ba ta ji ba. Nauyin kowace tasha ya haura tan 50. Ta Landan a ƙarƙashin kantin Selfridges aka ajiye ta. Mabuɗin sirrinta faifan garmaho ne guda biyu iri ɗaya, ɗaya nan ɗaya can, a juya su tare, da an gama a lalata su.

Shagon caji

Shiga kowace rumfar cajin waya a Anka ko Gummi. Janareta na ruri a waje, allon katako cike da soket, kowace waya an manna mata 'yar takarda mai lamba. A gefe ga yaro da tsohuwar kwamfuta, an miƙo masa memori an ce a cika, rabi wa'azi, rabi Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, in da sauran wuri a ƙara Shata. Duk abin da zai tura MP3 ne, ba don ya fi kyau ba, sai don ba wayar da ba ta karanta shi, haka rediyon mota da 'yar lasifikar mai shayi.

A Erlangen ta Jamus aka haifi MP3, a cibiyar Fraunhofer, sunan kuma ranar 14 ga Yulin 1995 aka raɗa shi. Dabararsa ita ce ƙara mai ƙarfi tana danne mai rauni da ke kusa da ita, kamar yadda ba ka jin raɗa a gindin injin niƙa, don haka abin da kunne ba zai ji ba sai a jefar. Karlheinz Brandenburg, ɗaya daga cikin maƙeransa, ya yi ta sauraren waƙar Tom's Diner ta Suzanne Vega, murya zalla ba kiɗa, yana gyara manhajar, domin ita ce ta fi tona mata asiri. Abin da ke wahalar da MP3 har gobe shi ne bugu mai kaifi da tafi. Idan an matse da yawa, sai ka ji 'yar ƙura-ƙurar sauti ta riga bugun ganga fitowa. Ka gwada da waƙar da ke da kalangu da tafin mata, za ka ji.

Shekara da shekaru duk kamfanin da ya sa MP3 a na'urarsa sai ya biya kuɗin lasisi. Sai a Afrilun 2017 aka daina karɓa.

Abin da ke cikin saƙon murya

Mai babbar waya ya buɗe ma'ajiyar WhatsApp ya duba inda saƙonnin murya suke. Zai ga sunaye masu farawa da PTT, sai kwanan wata, sai .opus a ƙarshe. Wannan Opus ɗin shi ne gwarzon wannan labari, kuma kusan ba wanda ya san sunansa. An tabbatar da shi a Satumban 2012, aikin Jean-Marc Valin ɗan Kanada da Koen Vos da Timothy Terriberry. Auren dabara biyu ne: SILK ta kamfanin Skype, gwanar magana, da CELT ta gidauniyar Xiph, gwanar kiɗa. Yana aiki daga kilobit 6 har 510, yana kuma iya sauyawa daga wannan dabara zuwa waccan ana tsakiyar sauti. Buɗaɗɗe ne, kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi, ya ɗauka ya sa a manhajarsa. Telegram da YouTube ma suna amfani da shi.

A Maris ɗin 2022 WhatsApp ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 a kowace rana. A kilobit 16, megabait ɗaya yana ɗaukar maganar da ta haura minti takwas, alhali bidiyo zai lashe shi kafin ka gama sallama. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi.

A ganina ba wata fasaha ta zamanin nan da ta yi wa mutanen karkara adalci kamar wannan. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba tana danna maɓalli ta yi wa ɗanta da ke Legas faɗa na minti shida, da Zamfarcinta, ba mai fassara. Saƙon kuma yana da haƙurin da kira ba shi da shi: ya zauna a waya da 'yar alamar agogo, sai an hau tudu sabis ya leƙo ya wuce. Ɗan kuwa, tun 2021 aka ba shi maɓallin ninka saurin magana sau biyu. Allah Ya shirya.

Matsala ɗaya: yawancin ƙananan wayoyi ba sa buɗe fayil ɗin Opus. Shi ya sa yaron shagon caji yake fara juya shi zuwa MP3.

Sallama a cikin tes ɗaya

Codec 2 aikin David Rowe ne, injiniya ɗan Ostireliya mai sha'awar rediyon oba-oba, ya fito da shi a 2010. Abin da ya dame shi shi ne yawancin rediyoyin oba-oba na zamani da kodek ɗin wani kamfani suke aiki, wanda ba a yarda kowa ya leƙa cikinsa ba. Nasa kyauta ne, yana farawa daga bit 3,200 ya gangaro har 450. Saƙon tes ɗaya bit 1,120 yake ɗauka. Ke nan a mataki na ƙarshe, maganar sakan biyu da rabi za ta shige cikin tes guda, ishasshiyar cikakkiyar sallama. Da manhajar FreeDV ana tura shi ta gajeren zango, ƙasa zuwa ƙasa, ba ƙarfen sabis ba intanet. Kiɗa kam kada ma a gwada.

Na baya-bayan nan sun fi ban tsoro. A 2021 Google ya fito da Lyra, mai aiki a kilobit 3, wanda aka horar da muryoyin harsuna sama da 70. A 2022 Meta ya biyo da EnCodec, wanda ke sauka har kilobit 1.5 kuma yana taɓa kiɗa. Waɗannan ba kwatance kawai suke bi ba. Sun saurari dubban awoyi na maganar mutane, don haka da an ba su 'yan alamu sai su zana sauran da kansu. Opus ma a fitowarsa ta Maris 2024 ya koyi cike gurbin da sabis ya haɗiye, har yana iya goya maganar sakan guda da ta wuce a cikin kowane gutsure, ko da na baya sun ɓace. Muryar takan fito tas. Sai dai na'ura abin da ta saba ji take zanawa, kuma wanda bai ba ta muryarsa ba kada ya yi mamaki idan ta gyara masa lafazi. Shirin Common Voice na Mozilla yana da sashen Hausa, inda kowa ke iya karanta jimloli ya bayar kyauta. Bai kamata a bar wa Kananci filin shi kaɗai ba.

To wanne ya fi? Magana a sabis mai rauni, Opus. Abin da za a zuba a memori ya zaga ƙauye, MP3, kuma in da kiɗa kada a sauko ƙasa da kilobit 128. Inda babu sabis sam, Codec 2. Ajiya kuwa, babu ko ɗaya a cikinsu, domin duk masu zubarwa ne, kuma abin da suka zubar ba ya dawowa. Duk juyi daga wani nau'i zuwa wani sai an sake yin asara: daga kaset zuwa MP3, a ɗora a bidiyo, wani ya kara waya a lasifika ya sake ɗauka, a ƙarshe a ce ai rikodin ɗin da ne ba shi da kyau. Na ajiya shi ne FLAC, wanda Josh Coalson ya fitar a 2001, buɗaɗɗe shi ma, yana rage kusan rabin nauyi ba tare da ya taɓa ko bit ɗaya ba.

Don haka duk mai tsohon kaset a adaka, na makaɗan fada ne, na wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya ne, ko na bikin gidansu, ya kai a juye shi ta igiya kai-tsaye zuwa kwamfuta, a ajiye masa a FLAC ko WAV wuri biyu, sannan a cire masa MP3 na rabawa. Kaset ɗin ma kada a yar.